Kwangilar Gwamnati: Ɓarnar Da Ake Yi Kafin Tanda Da Bayanta

Duk direban da ke jigila tsakanin Abuja da Kano ya san labarin hanyar nan a jikin motarsa. A watan Disamba na 2017 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyaran tagwayen hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya har Kano, mai tsawon kilomita 375, a kan naira biliyan 155, da zummar gamawa cikin shekara uku. A Maris na 2021 kuɗin ya koma naira biliyan 797, domin gwamnati ta ce gyara ba zai wadatar ba, sai an tone hanyar an sake ta daga tushe. A Nuwamba na 2024 Ma'aikatar Ayyuka ta soke kwangilar sashen Abuja zuwa Kaduna bayan an kasa daidaitawa kan farashi, aka miƙa ragowar aikin ga wani kamfanin.

Tambayar da matafiyi ya kamata ya yi ita ce: me ya hana a gano tun 2017 cewa hanyar ta wuce faci? Amsar tana nuna inda ciwon kwangilar gwamnati yake a Nijeriya. Hankalin jama'a ya fi karkata ga ranar buɗe tanda da sunan wanda ya ci. Amma mafi yawan asarar tana faruwa ne tun kafin a tallata aiki, ko kuma bayan an sa hannu kowa ya watse.

Doka kam akwai ta. Bayan komawa mulkin farar hula a 1999, wani nazari da aka yi tare da Bankin Duniya ya nuna cewa ana rabon kwangila ba tare da tsayayyen ma'auni ba. Gwamnatin Obasanjo ta kafa ofishin bin ƙa'ida a fadar shugaban ƙasa, wanda Oby Ezekwesili ta jagoranta, don tace farashi kafin a saki kuɗi. A ranar 4 ga Yuni, 2007, kwana kaɗan da hawansa mulki, Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a Dokar Sayayya da Ba da Kwangilar Gwamnati, wadda ta haifi hukumar kula da sayayyar gwamnati, BPP.

Abin da dokar ta shimfiɗa a fili yake. Ma'aikata za ta fara tantance buƙatarta, ta tsara sayayyar shekara, kuma ba ta da ikon ba da aikin da babu kuɗinsa a kasafi. Babban aiki sai an tallata shi a jaridun ƙasa akalla biyu. Masu nema su rufe takardunsu su jefa a akwatin tanda, a buɗe a bainar jama'a, a karanta farashin kowa da ƙarfi a gaban 'yan sa ido, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyoyin farar hula. Wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi shi ne da aiki. Idan kuɗin ya haura wani mataki, sai BPP ta ba da takardar amincewa. Wanda yake ganin an yi masa ƙwange yana da kwana 15 na aiki ya kai kuka ga shugaban ma'aikatar, daga nan BPP, daga nan Babbar Kotun Tarayya. Hukuncin karya dokar ma ba na wasa ba ne: ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba, babu zaɓin tara, kamfani kuma a hana shi kwangila na akalla shekara biyar, ya biya tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin.

Sai dai tun daga sama aka fara tauye ta. Dokar ta tanadi wata majalisa ta musamman mai kula da sayayya, ƙarƙashin ministan kuɗi, da wakilan lauyoyi, injiniyoyi, 'yan kasuwa, 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula. 'Yar'aduwa, Jonathan da Buhari duk mulkinsu ya ƙare ba a ƙaddamar da ita ba. Manyan kwangiloli suka ci gaba da bi ta Majalisar Zartarwa, inda ministocin da suka kawo buƙatar su ne kuma masu amincewa da ita.

Ɓarnar farko tana cikin kasafin kuɗi. Ƙungiyar BudgIT ta ce a kasafin 2025, mai kusan naira tiriliyan 55, ta ƙirga ayyuka 11,122 na naira tiriliyan 6.93 da 'yan majalisa suka cusa. Irin wannan cushe yakan zo babu zane, babu ƙiyasin injiniya, wani lokaci babu ma takamaiman wurin da za a yi aikin. Kuma sau da yawa akan jingina shi ga hukumar da ba huruminta ba ne: a ga kwalejin aikin gona tana kafa fitilun titi masu aiki da hasken rana, ko cibiyar bincike tana rabon Keke Napep a wata jihar da ba ta da ofis. Aikin da aka haifa a haka, ko an yi masa tanda mai tsafta, gurgu ne tun daga ciki. A Nuwamba na 2019, a taron hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC, Shugaba Buhari da bakinsa ya ce an ware kimanin naira tiriliyan ɗaya ga ayyukan mazaɓu cikin shekara goma, amma da wuya talaka ya nuna amfaninsu.

A matakin tanda kuwa, dabarun sanannu ne ga duk wanda ya taɓa zaman ofishin sayayya. Akwai gutsuttsura aiki: ginin azuzuwa goma a mai da shi kwangila biyar, don kowacce ta tsaya ƙasa da matakin da zai kai ta gaban BPP. Akwai mutum ɗaya ya shigo da kamfanoni uku, biyu su kai farashi sama, na ukun ya ci. Akwai rubuta sharuɗɗan da kamfani ɗaya tak zai iya cikawa. Akwai fakewa da gaggawa ko tsaro. Dokar ta keɓe sayayyar kayan tsaron ƙasa, kuma ta wannan ɓangaren ne zargin dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai ya ɓulla a 2015. Hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba ma ta jawo ce-ce-ku-ce a 2024, saboda ba a yi mata buɗaɗɗiyar tanda ba.

Ƙaramin ɗan kwangila shi ke shan wahalar tsarin. Kafin ya kusanci akwati sai ya tara rajistar kamfani, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardun hukumomin PenCom, ITF da NSITF, da rajistar BPP, yawancinsu ana sabunta su duk shekara. Mai uwa a gindin murhu kuwa yakan karɓi takardar kwangila ya sayar, wanda ya saya ya sake sayarwa. Kafin ta iso hannun magini na gaskiya an zaftare riba sau biyu ko uku, kuma a jikin siminti da rodi ake fanshewa.

Ɓarna ta biyu tana bayan sa hannu, kuma a nan gwamnati ma tana da laifi babba. Dokar 2007 ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami a kashi 15 cikin ɗari, Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30. Akwai masu karɓa su zuba yashi da tubali su ɓace. Akwai kuma masu gaskiya da suka ci bashin banki suka gama aiki, aka bar su suna sintiri. Doka ta ce biyan da ya wuce kwana 60 ya makara, kuma akwai ƙarin kuɗi a kansa, amma a 2025 sai da 'yan kwangilar cikin gida suka fito zanga-zanga a Abuja kan ayyukan kasafin 2024 da ba a biya su ba. Ga faɗuwar naira: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban shekarar. Wanda ya san za a riƙe masa kuɗi shekara biyu dole ya yi aringizo tun a takardar tanda, ko ya dawo neman ƙari, ko ya tattara kayansa. Kwamitin da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ba Shugaba Jonathan rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba, masu buƙatar naira tiriliyan 7.78.

Sannan akwai takardar shaidar kammala aiki, wadda injiniyan ma'aikata ke sa wa hannu. Rijiyar burtsatsen da ba ta taɓa kawo ruwa ba, da asibitin karkarar da babu rufi, da yawansu an biya kuɗinsu cas, domin wani ya rubuta cewa ya je ya gani.

Inda aka ga sauyi shi ne inda aka fito da takardu fili. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman kwafin kwangila a rubuce. Nijeriya ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati a 2016, BPP ta buɗe shafin NOCOPO don wallafa bayanan kwangila, ƙungiyar PPDC kuma ta samar da Budeshi, mai haɗa kasafi da kwangila da sunan wanda ya ci. Matasan shirin Tracka suna shiga ƙauyuka da jerin ayyukan da aka rubuta wa gari a kasafi, su karanta wa dagaci da liman da 'yan ƙungiya. A Bagega ta Zamfara, matsin lambar ƙungiyar Follow The Money da abokan tafiyarta ya taimaka aka saki kuɗin kwashe gubar dalma a 2013. Tun 2019 ICPC take bin ayyukan mazaɓu da ƙafa, ta tilasta wa 'yan kwangila da dama komawa bakin aikin da suka gudu suka bari. A ƙasar Yukren, tsarin ProZorro da aka wajabta a 2016 ya nuna iyakar da za a iya kaiwa: kowace tanda tana intanet, kowa na iya ganin wa ya nema, nawa ya ce, wa ya ci.

Dokar 2007 ta tarayya ce, ba ta ɗaure jihohi ba. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, na dala miliyan 750 da aka fara a 2018, ya yi wa jihohi tayin tallafi idan suka kafa dokar sayayya suka koma tanda ta intanet, kuma da yawa sun amsa. Kaduna ta yi fice wajen wallafa kwangilolinta, Jigawa kuma ta daɗe da hukumar bin ƙa'ida da sa ido kan ayyuka. Ƙalubalen shi ne ɗorewa bayan tallafin ya ƙare, domin shafin da aka daina sabuntawa ba ya tsare ko kwabo.

Gwaji na gaba yana matakin da ya fi kusa da talaka. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Idan hukuncin ya tabbata a aikace, kuɗin kwalbatoci, azuzuwa da ɗakunan shan magani za su riƙa fita daga sakatariyoyin da yawancinsu ba su da ƙwararren jami'in sayayya, ba su da shafin intanet, kuma ba su saba buɗe tanda a gaban kowa ba. Mafi ƙarancin abin da mutanen kowace gunduma za su nema daga kansilansu shi ne allo a bakin kowane aiki, ɗauke da sunan kamfani, kuɗin kwangila, abin da aka riga aka biya da ranar gamawa, da kwafin hakan manne a ƙofar sakatariya cikin harshen da mutanen garin ke karantawa.