Yawaitar 'ya'yan kyanwa a gidaje: Zubarwa a bola ba mafita ba ce

Duk mazaunin unguwa mai cunkoso, ko a Agege ta Legas ko a Sabon Ibadan ko a Mararaba kusa da Abuja, ya san kukan 'ya'yan kyanwa da ke tashi daga kwata ko kan bola. Galibi daga wani gida aka kwaso su a kwali ko buhu, saboda uwarsu ta sake haihuwa kuma masu gida sun gaji. Sai dai wannan dabara tamkar kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin bayan 'yan watanni uwar za ta sake cika kwalin.

Magidanta da yawa suna ajiye kyanwa ne saboda ɓera, kuma suna da hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ajiye kyanwa cikin matakan rage ɓerayen da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969. Matsalar tana farawa ne lokacin da kyanwa ɗaya ta zama goma.

Yadda suke yawaita

Macen kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6. Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne kacal, takan haifi 'ya'ya 3 zuwa 5, kuma tana iya sake ɗaukar wani cikin tun ba ta gama shayarwa ba. A ƙasashen Turai hasken rana ne ke tsara lokacin barbararsu, shi ya sa haihuwar ke yin yawa a bazara ta lafa a hunturu. A nan kuwa, tsawon dare da rana kusan ɗaya ne duk shekara, don haka babu hutu. Idan ta haihu sau biyu a shekara, huɗu-huɗu, an samu takwas ke nan, kuma matan haihuwar farko za su iya haihuwa kafin shekarar ta ƙare.

'Ya'yan da aka zubar tun idonsu bai buɗe ba, yunwa da sanyi da karnuka ke gamawa da su cikin kwanaki. Waɗanda suka rayu su zama kuliyoyin titi, babu rigakafi, su riƙa shiga kicin suna sata, suna kuma ci gaba da haihuwa a bayan gidan da aka kore su.

Abin da ya shafi lafiyar iyali

Ba kowace kyanwa ce kyanwar Lami ba, wadda ba ta cizo ba ta yaƙushi. Kyanwa ma tana kamuwa da ciwon haukan kare, tana kuma sa wa mutum ta cizo ko yaƙushi, kuma da zarar alamunsa sun bayyana da wuya a tsira. Idan ta ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.

Akwai kuma ƙwayar toksoplasma da ke fita a kashin kyanwa, wadda kan cutar da jaririn da ke ciki idan uwa ta kamu lokacin goyon ciki. Wannan ba dalilin korar kyanwa ba ne. Ƙwayar na buƙatar kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta zama mai harbi, saboda haka a riƙa kwashe kashin kullum, mai juna biyu kuma ta bar wa wani aikin. Naman da bai dahu sosai ba shi ma hanya ce ta kamuwa da ita. Yara masu wasa da 'ya'yan kyanwar titi kan kwashi makero da tsutsar ciki, don haka a saba musu da wanke hannu.

Yadda gidajen ceton dabbobi ke aiki

A Ingila, gidan ceton dabbobi na Battersea da ke Landan, wanda aka kafa a 1860, ya fara karɓar kuliyoyi tun 1883, ƙungiyar Cats Protection kuma tana wannan aiki tun 1927. Tsarin irin waɗannan gidaje kusan ɗaya ne: likita ya duba kyanwar, a ba ta maganin tsutsa da na ƙuma, a yi mata rigakafi da tiyatar hana haihuwa, sannan a nema mata gida. Ba a miƙa ta ga duk wanda ya zo. Sai an tambayi inda yake zaune da yadda zai ciyar da ita, kuma idan riƙon ya gagara ana karɓar ta. Jarirai marasa uwa kuwa masu aikin sa-kai ke renonsu a gidajensu.

Amma hatta a can gidajen kan cika, shi ya sa suka fi ba tiyata ƙarfi. A Turkiyya, dokar kare dabbobi ta 2004 ta ɗora wa ƙananan hukumomi aikin yi wa dabbobin titi tiyata da rigakafi, kuma a Istanbul mutanen unguwa ne ke ciyar da kuliyoyin da aka mayar musu.

A Nijeriya irin waɗannan gidaje 'yan kaɗan ne, mafi yawa na masu zaman kansu a manyan birane, da gudummawar jama'a suke tafiya. Ke nan aikin da suke yi ya dawo wuyan magidanci da maƙwabtansa.

Matakan da magidanci zai ɗauka

Na farko, a kai uwar wurin likitan dabbobi a yi mata tiyatar hana haihuwa bayan ta yaye 'ya'yanta, muzurun gida kuma a yi masa fiɗiya, abin da ke rage masa yawo da faɗa da fitsari a lungu-lungu. Ana yin wannan a asibitocin dabbobi na jihohi, da na koyarwa na jami'o'i irin su Ibadan, Nsukka da Zariya. Inda kuɗin ya yi nauyi, gidajen da ke amfana da kyanwa ɗaya a gidan haya su haɗa hannu.

Na biyu, a bar 'ya'yan tare da uwarsu har su cika mako 8. Madarar shanu ko ta gwangwani takan sa su zawo. Kada a ba kyanwa farasitamol ko kaɗan, domin kashe ta yake yi, kada kuma a yi mata allurar tsarin iyali ta mutane.

Na uku, a nema musu gida tun suna shan nono: dangi, masu shagunan hatsi, masu gidajen burodi, duk wanda ɓera ya dama kuma aka san zai ciyar. A shaida wa mai karɓa cewa allurar haukan kare tana jiranta idan ta kai wata 3, tiyata kuma kafin ta fara barbara. Wanda ya tsinci 'ya'ya a lungu kada ya yi gaggawar ɗauka. Ya dakata 'yan sa'o'i daga nesa, ta yiwu uwar ta tafi neman abinci ne.

Malamai sun daɗe suna tunatarwa da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kan matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Ɗaure jarirai a buhu a jefar bai yi nisa da wannan ba. Kuɗin tiyata sau ɗaya ake biya, kuma shi ne ke raba gida da wannan nauyi da ke dawowa sau biyu ko uku kowace shekara.