Kabejin Jos Yana Da Dangi A Hamada

Jama'armu mazauna Ikko, musamman masu sauke kayan gwari a kasuwar Mile 12, sun san kabejin da manyan motoci ke kwasowa daga Farin Gada ta Jos. Ganye ne mai son sanyi da ruwa. To, amma masanan tsirrai sun ce gidansu babba ne, iri wajen 4,000, waɗansunsu ma can tsakiyar Sahara suke.

Akwai wanda Buzaye ke kira alwat, mai fitowa a ƙasar Azbin bayan ɗan ruwan sama, raƙuma su yi ta ci. Akwai kuma busasshen tsiron nan da Larabawa ke kira kaffu Maryam, wanda yake a dunƙule, in an jiƙa shi ya buɗe.

Yaya aka gane zumuncin? Da can fure ake dubawa, gama na 'yan gidan duka kunnuwa huɗu gare shi, a gicciye. Amma kama da wane ba ta wane, don haka yanzu ƙwayoyin gado ake aunawa. Da wannan awon ne, a 1998, aka jera zogale da gwanda da gasaya da anza kusa da kabeji. Ba ɗakinsu ɗaya ba, amma kakansu ɗaya.

Wannan aiki ba na wasa ba ne. Manoman rani a Jos da ruwan tsofaffin ramukan kuza da ƙoramu suke ban-ruwa, kabeji kuwa ba ya jure ƙishi. Mai son ya ɗauko juriyar dangin hamada ya sa wa kabeji, sai ya fara sanin wanne ne ya fi kusa da shi, gama barbara tsakanin dangi na nesa da wuya ta kama.