Yadda taurarin Hollywood suka yi wa sojojin Amurka hidima a finafinan Yaƙin Duniya na Biyu

A watan Maris na 1942, wata uku bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, ƙungiyar American Theatre Wing ta buɗe wani zauren shaƙatawa a ƙarƙashin wani gidan wasan kwaikwayo da ke birnin New York, mai suna Stage Door Canteen. A watan Oktoban shekarar, jarumai Bette Davis da John Garfield suka jagoranci buɗe makamancinsa a Los Angeles, wato Hollywood Canteen. Kakin soja shi ne tikitin shiga. Abinci da kiɗa da rawa duk kyauta ne, ba a sayar da giya, kuma fitattun taurari ne ke raba abinci da wanke kwanuka.

Daga waɗannan wurare aka samu finafinai biyu da suka ɗauki sunayensu. Frank Borzage ne ya ba da umarnin Stage Door Canteen na 1943. Labarin wani soja ne da ya kamu da son wata ma'aikaciyar zauren, alhali doka ta hana ma'aikatan hulɗa da sojoji a waje. Kafin su ɗaura aure aka tura shi fagen daga, Katharine Hepburn ce ta fito a ƙarshe tana rarrashin budurwar. A fim ɗin Hollywood Canteen na 1944 kuwa, wanda kamfanin Warner Bros. ya shirya, wani soja ne ya zama baƙo na miliyan ɗaya, ya samu damar fita da jaruma Joan Leslie.

Manufar finafinan ta wuce nishaɗi. An yi su ne don ƙarfafa gwiwar sojoji da kwantar da hankalin iyaye da matan da aka bari a gida, kuma wani kaso na ribarsu ya koma ga zaurukan. Shi ya sa ba sa nuna jini ko gawa, duk da cewa da yawa daga matasan da suka yi rawa a can ba su dawo ba.

Akwai kuma batun launin fata. A lokacin rundunar sojin Amurka tana ware baƙaƙe daga farare, amma zaurukan biyu sun karɓi kowa a ɗaki guda. Sai a 1948 Shugaba Harry Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariyar a cikin rundunar.