Wanda Bai Iya Haɗa Baƙi Ba da Wanda Bai San Kalmar Ba

A ba yara biyu 'yan aji huɗu gwajin karatu a wata firamare ta Kiru ko Doguwa, su faɗi, maki ɗaya za su samu. Amma ciwonsu ba ɗaya ba ne. Na farko bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Na biyu yana haɗawa, har ya ɗaga murya, sai dai bai san abin da ya furta ba.

Ciwon farko ya fi yawa. Gwajin da aka yi a Sakkwato da Bauchi a 2013 ya nuna yawancin 'yan aji biyu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Duk da haka shi ne mai sauƙin magani, domin bokon Hausa kusan yadda ake furta shi haka ake rubuta shi. Shirin Mu Karanta a jihohin nan biyu, da RANA a Katsina da Zamfara, a kan wannan suka tsaya.

Game da ciwo na biyu, a Amurka, binciken Hart da Risley na 1995 ya ce 'ya'yan talakawa ba sa jin kalmomi da yawa a gida. Ban yarda a ɗauko wannan hukunci a ɗora wa yaranmu ba. Ɗan masunci a Tiga ya san kifaye da sunayensu. 'Yar manomin shinkafa a Tudun Wada za ta zayyana maka aikin fadama daga dashe zuwa sussuka. Ɗan Fulanin dajin Falgore ma harshe biyu gare shi. Kalmomin littafi ne ba su da su, musamman na Turanci, wanda da shi ake rubuta jarrabawar shiga sakandare. Ɗan birni yana tsintarsu a talabijin da bakin yayyensa. Na ƙauye sai a aji, wurin malamin da yara suka yi wa yawa.

Wannan giɓin ya fi zurfi, kuma cike shi aikin shekaru ne. Amma ba a fara cike shi sai yaro ya iya karantawa da kansa, domin a littafi ake samun kalmomin. Shi ya sa nake ganin ya kamata dokar ta-ɓaci kan ilimi da gwamnatin Kano ta ayyana a 2024 ta fara daga aji ɗaya: haɗa baƙi da Hausa, littafi a hannun kowane yaro, da gwajin da zai nuna wa malami wanne daga cikin ciwon biyu ke damun ɗalibinsa.