Laburare da Ƙaramar Hukuma: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Yawancin ɗakunan karatu na gwamnati a Nijeriya suna ƙarƙashin hukumar laburare ta jiha ne. Hedikwata tana can babban birni, shi kuma ciyaman ɗin ƙaramar hukuma yana ganin abin ba nasa ba ne. Shi ya sa za ka shiga wani reshen ka tarar rufi na yoyo, ƙura ta rufe littattafai, ma'aikaci ɗaya na zaune, babu mai leƙowa.

A da ba haka abin yake ba. Zamanin En'e, hukumomin gargajiya ne ke riƙe da ɗakunan karatu a garuruwan Arewa, mutane na zuwa su karanta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Yanzu ma tsarin mulkin 1999 ya sa ilimin manya da koyon sana'a cikin ayyukan da ƙaramar hukuma za ta sa hannu a ciki. To, ina ya fi dacewa a buɗe ajin yaƙi da jahilci in ba laburare ba? Ɗaki na nan, kujeru na nan. Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma shi ne alawus ɗin malami da wutar sola.

Idan wuta ta samu, sauran ayyuka za su biyo baya. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, amma akwai yaran karkara da sai ranar jarrabawar suke fara taɓa ta. Kwamfuta goma a laburare za ta share musu hawaye. Malamin gona ma zai samu inda zai tara manoma kafin damina ta faɗi.

Sai dai fa a rubuta yarjejeniya tsakanin ƙaramar hukuma da hukumar laburare. Attajirin nan na Amurka, Andrew Carnegie, ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu fiye da 2,500, amma da sharaɗi: hukumar gari ta ba da fili, kuma duk shekara ta ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin don tafiyar da wurin. A ganina wannan sharaɗi muke buƙata, domin alkawarin baki yakan tafi da wanda ya yi shi idan ya sauka daga kujera.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka ku tambayi kansilanku nawa aka ware wa laburare a kasafin bana.