Gajerun Kalmomin Turanci Masu Ma'anoni Barkatai

Kalmomin Turanci da suka fi ba mai koyo wuya ba dogayen nan ba ne da ɗalibai ke tsoro a aji. Kalma irin "photosynthesis" ma'anarta ɗaya ce tak, da zarar an haddace ta an gama da ita. Masu wahalarwa su ne 'yan gajerun da ake furtawa dare da rana, irin su "run" da "set" da "put" da "get". Yawan amfani da su ne ya sa kowace ta tara ma'anoni jingim.

Babban ƙamus na Oxford shaida ne. A bugunsa na biyu da ya fito a 1989 cikin mujalladi 20, aikatau "set" shi ne zakara, da ma'anoni 430, bayaninsa kuma ya ci kalmomi wajen 60,000, wato ya fi littattafan hikaya da dama tsawo. Da aka zo sabunta ƙamus ɗin, sai "run" ya sha gabansa. Wani editan ƙamus ɗin, Peter Gilliver, ya shafe wata tara a kan wannan kalma kaɗai, ya fitar mata da ma'anoni 645 a matsayinta na aikatau.

Asalin "run" gudu ne da ƙafa. Amma a bakin Bature ruwan famfo yana wannan gudun, inji ma in an tayar da shi haka, hancin mai mura ma haka. Mai kanti kuwa da wannan kalma yake tafiyar da kasuwancinsa, kuma a nan harsunan biyu sun yi kiciɓis, domin "gudanar" ta Hausa daga gudu ta fito. A fagen siyasa ne suka raba hanya: ɗan takarar Amurka gudu yake yi zuwa kujera, na ƙasar Hausa tsayawa yake yi, kamar takwaransa na Ingila.

Hanya biyu ce ke haifar da wannan tari. Ta farko ita ce kalma ta yi rassa ta hanyar kamance. "Mouse" ɓera ne, amma a shekarun 1960 da Douglas Engelbart da abokan aikinsa suka ƙera 'yar na'urar da ake jan kibiyar kwamfuta da ita, wayar da ke bayanta ta yi kama da bindi, sai sunan ya bi ta. Ta biyu kuwa haɗuwa ce ta katsaham, inda kalmomi biyu da ba su haɗa dangi na kusa a hanyar shigowarsu ba suka wayi gari da sura ɗaya. "Bank" na gaɓar kogi daga harsunan mutanen arewacin Turai ya shigo, "bank" na kuɗi kuma daga kalmar Italiyanci mai nufin bencin da 'yan canji ke baje sulallansu a kai. Hausa ta ari na kuɗin, ta ce banki, ta bar ɗayan tunda tana da gaɓa.

Zamani ma yana juya kalma. "Nice", da yau ke nufin abu mai daɗi ko mutumin kirki, ta samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin jahili, kuma a Turancin ƙarni na 14 wawa ake kira da ita. Akwai ma waɗanda suka ɗauki ma'ana da kishiyarta. "Sanction" tana nufin amincewar hukuma, tana kuma nufin takunkumi. Mai fassara labarai a gidan rediyo, in ya yi gaggawa bai karanta jimlar zuwa ƙarshe ba, yana iya mayar da izini hukunci.

Abin da ke warware ruɗanin shi ne kalmomin da ke maƙwabtaka. "Put" ajiyewa ce, amma "put off" ɗagewa ce, "put out" kashe wuta, "put up with" kuma haƙuri da abin da ba a so. Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba, shi da ke cin tuwo, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ya ci zaɓe, wani kuma ya ci amana, ba tare da kowa ya zaci tauna ake yi ba.

Wasu kalmomin ma da kayansu suka shigo Hausa. "Charge" ta zama caji: ana kai waya caji, makaniki ya caji mai mota kuɗin gyara, ɗan sanda kuma ya tisa ƙeyar wanda ake tuhuma zuwa caji ofis. Layi ma haka: na bin sahu a gidan mai, na unguwa, da na waya.