Yadda kwamfuta ke ajiye kwafin bayanai da kanta

Ranar 10 ga Maris 2021, gobara ta cinye wani ginin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg, ƙasar Faransa. Waɗanda suka ajiye kwafi da asali wuri guda sun rasa duka biyun.

Maganin irin wannan asara shi ne ɗan jerin umarni na Bash. Kowane dare, agogon da ake kira cron kan tashe shi: mysqldump ya kwafi rumbun bayanai, tar ya dunƙule fayiloli, rsync ya tura su wata kwamfuta a wani gari. Jeri guda kan bi manyan kwamfutoci da yawa, ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai kwafin da ba a taɓa gwada maido da shi ba, ba abin dogaro ba ne.